Ga malamai da iyayen yara, kan awa ɗayan da ta rikice

Assalamu alaikum malamanmu da iyayen ɗalibai,

Da farko dai a yi mana afuwa. Tun Lahadin ƙarshen Maris wayarmu ba ta huta ba, yaro a Landan ya zauna da Kur'aninsa ƙarfe 5 na yamma yana jira, malam kuma a Kano manhajarmu ta ce masa sai 6, kowa na ganin ɗayan ne ya saɓa alkawari. To ba malam ba ne, ba yaro ba ne, mu ne.

Mu nan Najeriya da Nijar agogonmu ba a taɓa shi duk shekara, amma Ingila suna tura nasu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshen Maris su mayar a Lahadin ƙarshen Oktoba, shi ya sa a tsakanin nan lokacinsu da namu ɗaya ne, da sanyi kuma muna gabansu da awa. Amurka su tun Lahadi ta biyu a Maris suke canzawa, sai Lahadin farko ta Nuwamba su dawo.

A cikin manhajar akwai wani aiki mai suna mktime da yake juya lokacin da kuka rubuta zuwa lambar da kwamfuta take lissafi da ita, yana da wata 'yar alama tm_isdst, in ka sa 1 ka ce masa an tura agogo, in ka sa 0 ba a tura ba, in ka sa -1 shi zai duba ƙasar da ranar ya gano da kansa. Mu 0 muka bari, kuma wallahi ba wanda ya lura saboda da sanyi muka yi gwaji, lokacin 0 ɗin daidai ne. Gaskiya sakaci ne, wanda agogonsa ba ya motsi mantawa yake na wasu na motsi.

Mun mayar da ita -1, kuma kowane darasi yanzu da sunan garin ɗalibi ake ajiye shi. Saura abu ɗaya, daren da Ingila za su mayar da agogo ƙarfe 1:30 sau biyu take zuwa, -1 ma ba ta san wacce ake nufi ba, in wani ya sa darasi a nan manhajar za ta tambaye shi.

Don Allah kowa ya sabunta manhajarsa ya leƙa jadawalin satin nan. Darasin da ya wuce ku za a rama, kuɗin malam mu za mu biya.

Naku,
masu kula da manhajar