Wasiƙa zuwa ga Dogo a Fatakwal

Wusasa, Zariya
Daren Alhamis

Dogo ɗan'uwana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya iyali, ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Wato tun da ka saba da kifin bakin teku ka manta da masu tuwon dawa, ko? Wata biyar ba waya ba saƙo. Gwaggo ta ce in gaya maka ta ajiye maka bulalarka a bayan ƙofa.

Abin da ya zaunar da ni rubutu cikin daren nan, jiya ne aka kai ruwa rana a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki. Baba Dattijo ya dawo daga ziyarar Urushalima, ya raba mana 'yan gicciye na itacen zaitun, zuciyarsa cike take da ƙaunar ƙasar nan, ka dai san shi. Ana cikin magana sai ya ce Isra'ilawa su ne 'ya'yan gida, mu Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, agola ne a gidan Allah, mu gode da abin da aka sam mana. Sakatare ya yi wuf ya miƙe ya ce a'a, Isra'ila tuni aka sallame ta tun ranar da ta ƙi Almasihu, ikilisiya ta gaje ɗakin, magana ta ƙare. Nan fa wuri ya kaure. Fasto ya tsayar da su ya ce Laraba mai zuwa ni zan buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, sura 9 zuwa 11.

Gardamar ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Muna fita, yaron nan da kai da Madam kuka biya wa kuɗin makaranta ya biyo ni har bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Malam, ashe nan ma agola nake?" Ka san abin da ya baro a baya. Dogo, daren jiya barci ƙaurace mini ya yi.

Da gari ya waye na bi ta lambun Kawu, na tarar yana yi wa mangwaro aure. Na tsuguna ina kallo. Ya sami ɗan dashen da ya tsiro daga ƙwallon mangwaron gida mai zare, kaurinsa kamar fensir, ya datse kansa da reza, ya tsaga shi ta tsakiya. Ya ɗauko reshen mai daɗin nan, ya fere gindinsa ta gefe biyu kamar bakin gatari, ya cusa a tsagar, ya naɗe da leda tamau har ba inda iska za ta shiga. Na ce masa, Kawu, an taɓa ɗaukar reshen na jeji a ɗora a kan mai kyau? Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wa zai yi wannan asarar? Mai daɗi ake ɗorawa a kan mai tsami."

Nan take Romawa 11 ta buɗe mini. Abin da Kawu ya kira asara shi ne Bulus ya ce Allah ya yi da mu. Zaitun na gida, mai saiwar Ibrahim da Ishaku da Yakubu, an sare wasu rassansa saboda rashin bangaskiya, aka ɗauko mu, zaitun na jeji, aka yi mana aure da shi. Bulus da kansa a aya ta 24 ya ce abin ya saɓa wa yadda aka saba. Kuma reshen da aure ya kama, ai babu wani ruwa na dabam da saiwa ke ware masa. Abin da tsofaffin rassa ke sha shi yake sha. To ina agolancin yake a nan? Wannan amsar Baba Dattijo ke nan, kuma zan faɗe ta da ladabi, don ya haife ni.

Amma Sakatare ma bai tsira ba, shi ne ma surar ta fi kamawa. Aya ta 18 ta ce kada ka yi wa rassan alfahari, ba kai ke ɗauke da saiwa ba, saiwa ke ɗauke da kai. Tun a aya ta farko Bulus ya yi tambayar, ko Allah ya yar da mutanensa? Ya amsa faufau, ya ce shi kansa Ba'isra'ile ne ɗan kabilar Biliyaminu. Ya tuna musu da Iliya da ya zaci shi kaɗai ya rage, alhali Allah ya ajiye wa kansa mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya ce Allah na da ikon mayar da rassan da aka sare, kuma baiwar Allah da kiransa ba a janye su. Mutumin da ya ce a sura ta 9 da ma a la'anta shi saboda danginsa, ta yaya za a kafa hujjar raina su da bakinsa?

Ka tuna littafin tarihin nan mai jan bango da ka ara ka ƙi mayarwa sai da na je har ɗakinka na ƙwato? Shi na buɗe yau. Wajen shekara ta 49 Kaisar Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, shi ya sa Bulus ya tarar da Akila da matarsa a Koranti, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 18. Kalaudiyas ya mutu a 54, Yahudawa suka fara komowa, suka iske majalisun masu bi sun cika da Al'ummai. Wajen 57 Bulus ya rubuta musu daga Koranti. Ka ga ba gardamar makaranta yake warwarewa ba. Mutane ne a birni guda, bangaskiya guda, suna hararar juna a kan abinci da ranaku, kowa na ganin shi ne mai gida.

Af, kafin in manta, an sa ranar Auta, Asabar ta biyu a cikin watan Disamba. Zumuntar mata har sun fitar da anko, Maman yara ta ce in Madam na so ta aiko da wuri kafin atamfar ta ƙare. Kuma rijiyar bayan majami'a ta sake ƙafewa, an kafa kwamiti, ka san wanda aka ba shugabanci, ba sai na faɗa ba. Janareto kuwa yana nan yadda ka bar shi.

Ina? Yauwa. Akwai abin da nake so in nuna wa yaron nan musamman. A Haikalin Urushalima akwai shingen dutse da ya raba farfajiyar Al'ummai da ta ciki, an kafa gargaɗi a jikinsa cewa duk baƙon da ya ƙetare, in an kama shi, alhakin mutuwarsa na wuyansa. An gano ɗaya daga cikin duwatsun nan a 1871, da rubutun Helenanci, yana gidan tarihi a Istanbul yanzu. A kan shingen nan aka kusa kashe Bulus a Ayyukan Manzanni 21, don an zaci ya shigar da Tarofimus mutumin Afisa. Sai ka koma Afisawa 2 ka ji shi yana gaya wa mutanen garin su Tarofimus cewa Almasihu ya rushe katangar da ta raba, ya mai da biyun ɗaya, yanzu su ba baƙi ba ne, iyalin gidan Allah ne. Da na karanta da safen nan sai da hawaye ya zubo mini. Zan kuma kai shi Matiyu 1 ya sa yatsa a kan sunan Rahab da na Rut 'yar Mowab a cikin asalin Yesu kansa. Tun a Farawa 12 aka gaya wa Ibrahim ta wurinsa kabilan duniya duka za su sami albarka, kafin ma a haifi wanda aka kira Isra'ila.

Inda na san za a tare ni shi ne Romawa 11 aya ta 26, mai cewa dukan Isra'ila za su tsira. Wasu malamai na cewa taron masu bi ne gaba ɗaya, Yahudawa da Al'ummai. Wasu na cewa Yahudawan da suka ba da gaskiya ne a dukan zamanai. Ni na fi karkata ga masu cewa akwai juyowa babba ta Yahudawa ga Almasihu da ke tafe, don a ayar da ta zo kafinta Isra'ila ta jini yake nufi, da wuya ma'anar kalma ta sauya tsakanin aya da aya. Amma ƙofar guda ce gare su da mu, bangaskiya. Kuma ba zan yarda a ja zancen zuwa labaran yaƙin da ake ji a rediyo ba, in an shiga nan ba za a fito ba, yaron nan kuma ya koma gida da tambayarsa.

Kai me ka gani? Kada ka turo mini 'yar murya ta minti ɗaya a WhatsApp kana cikin mota, ka zauna ka rubuto kafin Talata. Na roƙi Kawu ya ara mini dashe guda da rezarsa, zan yi auren a gabansu a kan teburin majami'a, in ba yaron ledar ya naɗe da hannunsa.

Ka gaishe da Madam da yara, ka ce wa ƙaramar na ji ta ci jarrabawa, tukuicinta na nan. In kun tashi zuwa biki ka riƙo wa Gwaggo busasshen kifi, wataƙila ta sauke bulalar.

Naka,
Malam na Wusasa