Rahoton Ayyukan Shekara: Adakokin Marigayi da Sauran Abin da Aka Yi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa tsofaffin ma'aikatan banki na Katsina da kewaye, maza da mata, barkanmu da sake ganin juna.

Lissafin kuɗi na Ma'aji ne, zai kawo nasa rahoton, don haka kada a tare ni da tambayar kuɗin wata-wata. Zamanmu bai yanke ba bana sai a watan azumi. An je gaida marasa lafiya, an je ta'aziyya har Daura da Funtuwa, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu. Kwamitin fansho yana nan yana bibiyar takardun waɗanda haƙƙinsu ya maƙale.

Abin da ya cinye mana shekarar dai shi ne takardun marigayi uban ƙungiya. Bayan sadakar arba'in, Hajiya ta aiko cewa akwai adakoki uku a ɗakinsa na zaure, yara suna neman share wurin, in muna da bukata mu zo. Mu huɗu muka je gidan, can wajen Ƙofar Sauri. Da aka fasa kwaɗon ta farko, warin kafur da tsohuwar takarda ya bugo mu. Gara ta shiga ta ƙasan ta biyu, ta cinye kusurwar fayiloli da dama, har ta yi gini a cikin wani littafin lissafi. A ƙasan ta uku muka tarar da gwangwanin taba cike da kwabbai masu huji, da sisi da taro da sule. Mataimakin Shugaba ya ɗauki kwabo ɗaya ya daɗe yana juya shi bai ce komai ba.

Galibinsu ba takardun sirri ba ne. Rahotannin shekara ne na Babban Banki, da sanarwoyin da ake aika wa bankuna, da kofen wasiƙu na takardar kabon, da yanke-yanken jaridu, sai littattafan da ya rubuta da hannunsa lokacin da aka tura shi kwas Landan. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi daraja a wurina, don yakan rubuta darasi da Turanci, sannan a gefe ya sa ra'ayinsa da Hausa, wani lokaci da ajami.

Mun kasa su kashi biyu. Kashi na farko tarihin kuɗinmu ne. Ya faro daga hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da Turawa suka kafa a 1912, wadda ke zaune a Landan tana buga wa Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Duk fam ɗin da ta fitar sai an ajiye madadinsa da fam na Ingila, ajiyar kuma a can take juyawa. Marigayi ya ja layi a ƙarƙashin wannan har sau biyu. Akwai bayaninsa a kan jami'in Bankin Ingila, Fisher, wanda a farkon shekarun 1950 ya ce lokacin kafa babban banki bai yi ba, da kuma Loynes, shi ma daga can, wanda rahotonsa na 1957 ya buɗe hanya. Aka yi doka a 1958, banki ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, Roy Fenton yana gwamna. A 1963 Alhaji Aliyu Mai-Bornu ya karɓa, ɗan ƙasa na farko a kujerar. Da muka nuna wa jikokin marigayi hotonsa a jikin takardar naira dubu, tare da Clement Isong da ya gaje shi, ba wanda ya san su a cikinsu, alhali kullum suna aljihunsu.

Fayil ɗin canjin kuɗi shi ya fi tayar da hira. Akwai na 1968 lokacin yaƙin basasa, akwai na Janairun 1973 da naira ta maye gurbin fam, naira biyu a fam ɗaya. Amma da aka zo kan na Afrilun 1984, lokacin mulkin Janar Buhari, da aka sauya launin takardu aka rufe iyakoki, sai karatu ya tsaya, kowa ya ɗauko nasa labarin. Ɗaya daga cikin iyayenmu ya tuna yadda suka kwana a reshe suna ƙirga, fatake daga wajen Jibiya sun zo da kuɗi a buhu, wasu sun jiƙe sun manne. Matasan da ke taya mu aiki suka ce ashe abin da suka gani a farkon 2023 ba sabo ba ne.

Kashi na biyu na bashin waje ne, kuma shi ne mai nauyi. Marigayi ya bi shi tun daga rancen Bankin Duniya na 1958, dala miliyan 28 don kai layin dogo Maiduguri, da na madatsar Kainji a 1964. Waɗannan bai yi ƙorafi a kansu ba, don ana ganin abin da aka yi da su. Rubutun gefe ya fara zafi ne daga 1978, da aka ciwo dala biliyan ɗaya daga bankunan kasuwa na waje, masu gajeren wa'adi da kuɗin ruwa mai hawa da sauka. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin kayan da aka shigo da su ya taru ba a biya ba. Ya adana jaridun muhawarar 1985 kan rancen Asusun Lamuni na Duniya, wanda gwamnatin Babangida ta ce ta ƙi, sannan a 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira. Takarda ta ƙarshe a fayil ɗin, bayan ya daɗe da ritaya, ita ce ta yarjejeniyar 2005 da ƙasashe masu bin mu bashi na Paris Club, inda aka yafe kimanin dala biliyan 18, Najeriya ta biya sama da biliyan 12. A nan ma mun rabu biyu: wasu na ganin an sauke kaya, wasu na ganin kuɗin da aka biya a dunƙule ya yi yawa. Ni ina cikin na farko, amma ban ci gardamar ba.

Zuwa yanzu an kakkaɓe komai, an cire ƙusoshin da suka yi tsatsa, an sa wa fayiloli lamba, an rubuta su a rajista. 'Ya'yanmu biyu masu karatun tarihi sun ɗauki hoton adaka ta farko da rabin ta biyu da waya, an zuba a kwamfuta. Wasu 'yan takardu da muka ga sunayen masu ajiya a jiki mun ware su mun rufe. Rantsuwar riƙe sirri ba ta ƙarewa da ritaya, kuma ina roƙon kada kowa ya nemi a nuna masa.

Inda muka gaza shi ne wurin ajiya. Har yau adakokin suna ofishinmu na haya, rufin kuma yana yoyo, damina ta wuce mun sha ɗage su kan tebur. Wasu sun ba da shawarar a tuntuɓi Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda akwai gwanayen aikin. Wasu sun ce kayan Katsina a Katsina za su zauna, a nemi gidan tarihi na tsohuwar kwaleji ko ɗakin karatu na jami'a. Hajiya ta ce duk abin da muka yanke ta yarda, sharaɗinta ɗaya: littattafan da ke da rubutun hannunsa a bar wa iyali na asali, a ɗauki kofe. Wannan batu shi ne na farko a zaman wata mai zuwa, kuma da ƙuri'a za a raba shi.

Sannan fayil mai lamba goma sha huɗu, na canjin kuɗin 1984, ya fita daga ofis tun bayan babbar salla, ba a sa hannu a rajista ba. Wanda ya ara don ya karanta a gida, don Allah ya dawo da shi kafin zaman. Ba za a tambayi kowa dalili ba.

Wassalam.
Sakatare