Amsa ga mai cewa tanis ɗin bibbiyu mafakar waɗanda suka gaza ce

Malam, assalamu alaikum.

Tambayarka ta iso ni a shirin wasanni na rediyo, sai dai lokaci ya ƙure kafin in amsa. Ka ce me ya sa nake ɓata bakina a kan gasar tanis ta mata bibbiyu, alhali kujerun 'yan kallo wayam suke, kuma a ganinka ba mai shiga sai wadda ta kasa taɓuka komai a wasan ɗaiɗai.

Maganar kujeru da gaskiyarka, zan dawo kanta. Ɗaya maganar ce ban yarda da ita ba.

Serena Williams da yayarta Venus sun kai wasan ƙarshe sau 14 a manyan gasanni huɗu na duniya suna tare, kuma ko sau ɗaya ba a doke su ba. Ga zinaren Olamfik uku: 2000, 2008 da 2012. Waɗannan ne suka gaza? A 1984 Martina Navratilova da Pam Shriver sun haɗa manyan kofuna huɗun nan a shekara guda, lokacin kuwa Navratilova ce ta ɗaya a duniya a wasan ɗaiɗai. Barbora Krejcikova ta ɗauki kofi biyu a Roland Garros, babbar gasar Faransa, a 2021, ɗaya ita kaɗai, ɗaya tare da Katerina Siniakova.

Amma kada in kare wasan da sunayen manya kawai, don sai ya zama kamar alfarma suka yi masa. Sana'a ce mai zaman kanta. Faɗin fili a wasan ɗaiɗai mita 8.23 ne, a na bibbiyu 10.97. Ƙarin bai kai mita uku ba, ga mutum huɗu a ciki, wato wurin da za a jefa ƙwallo ba kowa ya ragu sosai. Shi ya sa ƙarfin bugu kaɗai ba ya fisshe ki.

Ka lura da wadda ke tsaye gaban raga yayin da abokiyarta za ta yi sabis, wato bugun da ake fara neman maki da shi. Za ta duƙa, ta kai hannu bayanta inda abokan karawa ba sa gani. Yatsa ya nuna inda za a aika ƙwallon. In ta dunƙule hannu, tana nan inda take. In ta buɗe tafi, za ta tsallaka ta tare ƙwallon a tsakiya, mai sabis kuma ta ruga ta toshe gurbin da ta bari. Ɗaya ta makara da taki guda, maki ya tafi. Mai karɓar sabis kuma dole ta yanke shawara cikin ƙiftawar ido: ta ratsa gefe, ta ɗaga ƙwallon sama da kan mai tsaron raga, ko ta auna jikinta. Ni dai wannan wasan ƙwaƙwalwar ya fi burge ni a kan mutum biyu su tsaya a ƙarshen fili suna ta dukan ƙwallo.

Dubi Sara Errani ta Italiya. Kowa ya san sabis ɗinta ba shi da ƙarfi, har takan bugo shi ta ƙasa. Duk da haka, tana da shekara 37 ta ci zinaren Olamfik a Paris a 2024 tare da Jasmine Paolini, bayan an cinye su a turmin farko na wasan ƙarshe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To, kujerun fa? A Wimbledon, babbar gasar Ingila, ta 2024 Krejcikova ta karɓi fam miliyan 2.7 a matsayin zakarar ɗaiɗai. Siniakova da Taylor Townsend da suka ci na bibbiyu, fam 650,000 aka ba su su raba. Wadda ke harin babban kofi ba za ta ƙona ƙarfinta a kan wannan ba, shi ya sa fitattu da yawa ba sa shiga, wasu kuma su janye ana tsakiyar gasa. Masu shirya gasa sai su tura wasannin ƙananan filaye, ko su sa su bayan jama'a sun watse, talabijin ma ba ta cika haskawa ba. A gasannin yau da kullum na WTA, ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan tanis, har gajarta wasan aka yi: babu turmi na uku, sai a yi raba-gardama na maki 10. Bayan duk wannan kuma a juyo a ce ai mutane ba sa so.

Ban musa ba, akwai waɗanda suka koma bibbiyu don ɗaiɗai bai karɓe su ba. Sai dai Sania Mirza ta Indiya a wasan bibbiyu ta zama ta ɗaya a duniya a 2015, ita da Martina Hingis kuma suka jera wasa 41 ba a ci su ba. Ka ba wasan bibbiyu babban fili da lokacin da mutane ke zaune, sannan mu ƙirga kujerun da suka rage.

Na gode da tambayar. A gaida gida.