Kisan Yahudawa da Zafin Gaza

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wata magana da nake yawan ji a majalisa idan 27 ga Janairu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2005 don tunawa da kisan ƙare dangi da gwamnatin Hitler ta yi wa Yahudawa. Saboda zafin abin da ke faruwa a Gaza, wasu kan ce ai labarin kisan Yahudawan ƙirƙira ne, wasu har yabon Hitler suke yi. Haba jama'a! Yahudawa kimanin miliyan 6 aka hallaka. Yaran da aka shaƙe da iskar guba a sansanin Auschwitz da gwamnatin Hitler ta kafa a Poland, wanda sojojin Sobiyet suka 'yantar a 1945, ba su san wata ƙasa Isra'ila ba, sai 1948 aka kafa ta.

Ni ma zuciyata tana tare da Falasɗinawa, tun daga sama da 700,000 da suka rasa gidajensu a 1948. Amma da wane baki za mu nemi duniya ta ƙirga gawarwakin Gaza alhali muna musun na wasu? Don Allah jaridarku ta kawo mana tarihin Auschwitz dalla-dalla da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya