Dariyar da Kuka Watsa Daren Asabar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na rubuto ne a kan shirinku na fina-finai na daren Asabar, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Kun buɗe layi kusan awa guda domin jin ra'ayin masu sauraro a kan fim ɗin American Psycho, amma abin da ya shigo kunnuwanmu dariya ce kawai, daga bakin samarin da suka bugo waya har zuwa bakin mai gabatar da shirin. Wani ya ce wurin da aka sare mutum da gatari ya fi komai ba shi dariya. Wani ya ce shi kwat ɗin jarumin da yadda yake gyara fuskarsa da safe ne suka burge shi, har yana fatan ya zama kamarsa. Mace ɗaya tak ta samu layi, ta fara cewa fim ɗin ya hana ta barci, sai mai gabatarwa ya katse ta da cewa ai wasa ne, ya wuce zuwa talla. Wannan katsewar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kada ka ɗauka ina magana a kan abin da ban gani ba. Na koyar da Turanci a makarantar gwamnati shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe a wayar ɗana, bayan na ga shi da abokansa suna ta tura wa juna hotunan jarumin. Na san cewa an so a yi dariya a wasu wurare. Littafin da Bret Easton Ellis ya rubuta ya fito a 1991, bayan kamfanin da ya fara karɓarsa ya janye saboda munin abin da aka yi wa mata a ciki, ƙungiyoyin mata a Amurka kuma suka yi kira da a ƙaurace masa. Da aka zo mayar da shi fim a shekarar 2000, mace ce ta ba da umarni, Mary Harron, kuma ita da wata macen, Guinevere Turner, suka tsara labarin. Abin da suka yi wa ba'a shi ne samarin masu kuɗi na birnin New York a shekarun 1980, waɗanda gumi ke karyo musu don katin ofis na wani ya fi nasu kyau, waɗanda ba sa ma iya bambance junansu saboda sutura ɗaya da aski ɗaya. Mai kisan, wato jarumin, shi ne abin dariya a wurinsu, mutum mara komai a ciki sai hassada. Masu bugo muku waya sun juya abin, sun mai da shi gwarzo, kuma babu wanda ya gyara musu.

Akwai abu guda a fim ɗin da na jira in ji an ambata, har shirin ya ƙare ban ji ba. Jarumin ya kashe wani mabaraci a lungu tare da karensa, ya kashe mata a gida, ciki har da wadda ta gudu tana buga ƙofofin maƙwabta babu wanda ya buɗe. Duk waɗannan babu wanda ya zo cigiyarsu. Mutum ɗaya ne kawai aka turo mai bincike a kansa, wato abokin aikinsa mai kuɗi. Samarinku sun haddace sunan mai kisan da sunan attajirin da aka kashe, sun san irin waƙar da aka kunna, amma ko ɗaya bai tuna akwai matan ba. Sun yi daidai abin da mutanen cikin fim ɗin suka yi.

Malam Edita, ban san shekarunka ba, amma idan kana Accra a ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000, ka san dalilin da ya sa wannan ya taɓa ni. A waɗannan shekarun an tsinci gawarwakin mata fiye da 30 a garin nan, da yawa daga ciki a wajajen Mataheko da Dansoman. Ni a Sabon Zango nake, kuma daga gidanmu zuwa Mataheko tafiyar ƙafa ce. A lokacin ina sabuwar malama, ina fita kafin gari ya waye in tari motar haya, wato trotro, a Kaneshie. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana sayar da koko da ƙosai, kuma tun kafin kiran sallar asuba take fita hura wuta. Sai da ta kai mahaifina ba ya komawa barci, yana tsaye kusa da ita riƙe da tocila har masu dawowa daga masallaci su fara taruwa. Ni kuwa ƙanena ne ke raka ni tasha kullum, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda shi kansa tsoro yake ji amma ba ya faɗa. Idan aka ce an sake tsintar wata, mata su taru a bakin famfo suna tambayar wane irin zane ta ɗaura, kowa na tsoron kada ya zama 'yarta ko ƙanwarta da ba ta kwana gida ba. Na taɓa raka wata maƙwabciya neman 'yarta da ta yi kwana biyu ba a gan ta ba. Allah ya sa an same ta lafiya a gidan gwaggonta a Nima, amma fuskar uwar a wannan safiya ba ta taɓa fita daga raina ba.

Matan da aka kashe ɗin ba 'ya'yan manya ba ne, shi ya sa aka daɗe ana jan ƙafa. Sai da mata suka fito kan titi suka yi zanga-zanga a shekarar 2000, maganar ta shiga bakin 'yan siyasa lokacin zaɓe, kafin hankali ya karkata yadda ya kamata. A 2002 kotu ta yanke wa wani mutum hukuncin kisa. Yau ka tambayi samarin da suka bugo muku waya, da yawansu ba a haife su ba a lokacin, kuma ban ga laifinsu ba idan ba su sani ba. Laifin na wanda ke riƙe da makirufo ne. Gidan rediyon da ke magana da harshenmu, wanda ake ji a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, ya kamata ya san cewa cikin masu sauraronsa akwai iyaye matan da suka rayu cikin wancan tsoro, kuma rediyon yana kunne a tsakar gida bayan sallar isha'i, yara na zaune.

Ban ce a hana magana a kan fim ɗin ba. A Ostireliya ana sayar da littafin ne a naɗe cikin leda, ga wanda ya kai shekara 18 kawai, kuma fim ɗin kansa na manya ne a Amurka. Ku kuwa ko gargaɗi ba ku yi ba kafin mai gabatarwa ya fara kwatanta yadda jini ya fantsama a rigar ruwa, yana ƙyaƙyata dariya. Da ya tsaya ya tambayi yaron nan da ke son zama kamar jarumin, me ya gani abin koyi a mutumin da a ƙarshe ya faɗi laifinsa da bakinsa amma lauyansa ya ɗauka wasa yake yi, da shirin ya yi amfani. Da ya bar baiwar Allah nan ta ƙarasa maganarta, da wataƙila ta faɗi abin da nake rubutawa yanzu, kuma ta fi ni iya faɗa.

 

Abin da nake nema shi ne ku sake buɗe layi ranar Asabar mai zuwa, ku nemo lambar matar da kuka katse ku kira ta da kanku, ku ba ta haƙuri a iska kamar yadda kuka katse ta a iska, sannan ku ba mata dama su yi magana. Ni ma zan bugo, kuma ɗana zai zauna kusa da ni ya saurara.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wata malama mai ritaya,
Sabon Zango, Accra.