Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Harsashin Gasar Libarba

Mesa, Arizona

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Ohio? Mu nan zafi ya fara kankama, ƙarfe goma na safe ƙarfen bindiga ba ya taɓuwa idan ka bar shi a rana.

Saƙonka ya iso, na ga hoton libarbar da ka saya da injin haɗa harsashin da ka kafa a gareji. Allah ya sanya alheri. Smith & Wesson 627 ba zaɓin banza ba ne, mai cin takwas ce, kuma ita ce a hannun da yawa daga cikin manyan 'yan gasa. Ka tambaye ni irin harsashin da za ka riƙa haɗa mata, har ka ce wani a kulob ɗinku ya rubuta maka awon albarushinsa a takarda, wai don taushi sai ka rantse ba a harba ba. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Takardar nan ka ajiye ta gefe tukuna. Ba ina zargin mutumin ba ne, wataƙila harsashinsa daidai yake a bindigarsa. Amma libarba tana da 'yar tazara tsakanin ganga, wato ɓangaren da ke juyawa ɗauke da harsasai, da bututu, inda wani ɓangare na iskar albarushi ke zurarewa, kuma tazarar ba ɗaya take ba ko a bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta rana guda. Harsashin da ya yi gudun ƙafa 800 a daƙiƙa a wurinsa yana iya yin ƙasa da haka a wurinka. Ni ma ba zan rubuta maka awo ba. Ka sayi littafin awon haɗa harsashi na Lyman ko na Hornady, ka duba abin da kamfanin albarushin da kansa ya wallafa, ka fara daga awon farko, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan kana gwadawa.

Kafin ma ka taɓa sikeli, ka san gasar da za ka shiga, domin kowace ƙungiya da ma'aunin ƙarfinta. Lissafin mai sauƙi ne: nauyin kan harsashi a giren (ƙaramin ma'aunin nauyi da ake auna harsashi da shi), a ninka da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1000. ICORE, wadda aka kafa a 1991 don masu libarba zalla, tana neman 120. USPSA kuwa, wata ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, tana da ƙaramin mataki 125 da babba 165. Mai ƙaramin mataki an yarda ya harba takwas kafin ya sake cikawa, mai babba shida kawai. Da bindigarka, ƙaramin matakin ne naka. To kan harsashi mai giren 160 da ya yi gudun 800 ya ba ka 128, mai giren 125 kuwa sai ya kai 1000 kafin ya taɓa 125.

Nan ne mutane ke ruɗin kansu, kuma nan nake so ka saurare ni da kyau. Kowa yana son harsashin da bai cika tunkuɗa hannu ba, sai ka ga mutum yana ta rage albarushi har ya tsaya a 125 cif, yana murna. Ranar babbar gasa alƙalai za su karɓi harsasai daga jakarka, su zare kan guda su auna nauyinsa, su harba uku da bindigarka a gaban na'urarsu ta awon gudu, su ɗauki matsakaici. Na'urarsu ce, ba taka ba, kuma yanayin garin ba naka ba ne. Albarushi yana jin sanyi yana jin zafi, wani ya ragu da sanyi, wani kuma akasin haka. Idan ka faɗo ƙasa da 125 a USPSA, makinka ya tafi gaba ɗaya, sai dai ka ƙarasa harbin don nishaɗi. Na taɓa ganin wani dattijo da ya tuƙo mota tun daga wata jiha, ya biya kuɗin shiga da na masauki, aka karanta masa lambar, ya tsaya riƙe da takardar yana kallonta kamar za ta sauya. Abin ya sosa min rai. Don haka ka nemi 130 zuwa 132. Da giren 160 wannan gudun 825 ne ko kusa. Yadda mai awo na kirki ke ƙara gyara a kan mudu, haka za ka yi. Wallahi hannunka ba zai bambance 126 da 131 ba idan agogo na gudu. Kuma ka sayi na'urar awon gudu taka, ka gwada da sanyin safiya, ka sake gwadawa da rana tsaka.

Batun nauyi, ni na fi son mai nauyi, 158 ko 160. Tunkuɗarsa turi ce a hankali, ba fizga ba, saiti yana saurin komawa wurinsa, kuma farantin ƙarfe yana faɗuwa ba gardama. Sai dai ka lura, mai nauyi yana sauka sama kaɗan da mara nauyi, saboda ya fi daɗewa cikin bututu lokacin da bakin bindiga ke ɗagawa. Duk sanda ka sauya nauyi, ka sake daidaita saiti. Siffar kai kuma ta zama mai zagayayyen baki. Mai shafaffen baki na giren 148, wanda masu harbin natsuwa ke so, yana huda kwalin da ake harbi tsaf-tsaf, amma gwada zura takwas lokaci guda cikin ganga kana sauri, za ka ga yadda suke cijewa a bakin ramuka. Gasar nan rabinta a wurin cikawa ake cinta. Jerry Miculek, fitaccen ɗan gasar libarba, a 1999 ya harba shida, ya cika, ya sake harba shida cikin daƙiƙa 2.99, kuma a ICORE harbi ɗaya da bai sami kwali ba daƙiƙa 5 ake ƙara maka. Ka ga ke nan kowace daƙiƙa tana da tsada.

Za ka ji ana ta yabon gajeren kwanso, wato ƙoƙon da ake zuba albarushi, na .38 Short Colt, saboda yana saurin faɗowa yana saurin shiga. Gaskiya ne. Amma cikinsa ƙarami ne, ɗan ƙarin albarushi ko ɗan nutsewar kan harsashi yana ɗaga matsi da sauri, kuma abin da 'yan gasa ke haɗawa a cikinsa yakan wuce abin da littattafai suka tanadar wa wannan tsohon harsashi. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Ka fara da .38 Special, wanda bayanansa suka cika ko'ina. Kwanson ya zama na kamfani ɗaya, domin faifan ƙarfen nan da ke riƙe takwas ɗin yana kama 'yar tsagar da ke gindin kwanso, kuma tsagar Starline daban, ta Federal daban. Idan ka cakuɗa, wasu za su yi lako-lako, wasu su ƙi shiga.

Shi ma .38 Special da nasa haɗarin. An fito da shi a 1898 don baƙin albarushi na da, shi ya sa cikinsa ke da faɗi. Albarushin zamani mai saurin ci, irin su Titegroup da Bullseye da N320 na Finlan, ɗan mitsitsi ake zubawa, ya kwanta can ƙasa. Ka zuba sau biyu, kwanson zai ɗauka bai cika ba, kuma wannan yana iya fasa ganga a hannunka. Ka manta ba ka zuba ba, kan harsashin ya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya same shi. Ka kafa fitila a kan injin, idonka ya leƙa kowane kwanso kafin ka ɗora masa kai. Ba waya, ba hira, kuma gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan teburi. A filin gasa kuma in ka ji harbi ya yi 'yar ƙara "fus" babu tunkuɗa, ka ɗauke yatsa daga kunama nan take, ko da kai ne kan gaba.

Saura firaima, 'yar hular nan ta gindi da allura ke sara. Kusan kowa yana sassauta sifirin da ke tura allurar don kunama ta yi laushi, sarar kuma sai ta ragu. Shi ya sa masu libarba ke bin Federal, don tata ta fi saurin tashi. Ka dasa kowace har ta zauna daram a ƙasan raminta, ka shafa da yatsa ka ji ta ɗan nutse. Wadda ba ta zauna ba, sarar farko turata kawai za ta yi, sai ka ji "ƙas" a tsakiyar zagaye. Shawarata, kada ka sassauta sifirin har ya zama Federal kaɗai bindigarka ke ci. Ka tuna 2020 da 2021, lokacin da firaima ta ɓace a shaguna. Masu irin wannan bindiga zaman gida suka yi. Bakin kwanso kuma ka matse shi daidai, kada tunkuɗa ta riƙa zaro kawunan da ke jira har ɗaya ya leƙo ya tsayar da ganga.

Dalma tsirara tana da araha, amma man da ke jikinta yana hayaƙi, idan rana na gabanka da safe sai kwalin ya ɓace maka bayan harbi uku. Mai rufin roba ya fi, kuma ya rage taɓa dalma da hannu. Wannan na ƙarshen ina roƙonka kada ka yi wasa da shi. Ka san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ɗaruruwa suka rasu saboda ƙurar da iyaye ke shigowa da ita gida. Ƙurar tsofaffin kwanso ma tana ɗauke da ita, har daga firaimar kanta. Yara kada su shiga garejin, ka wanke hannu kafin ka ci abinci, ka sauya tufafi, kuma ka sa likita ya riƙa auna jininka.

In ka samu haɗin da ya yi maka, ka rubuta komai a littafi har da lambar gwangwanin albarushin, ka haɗa da yawa, ka daina sauye-sauye. Kafin kowace gasa ka zura kowane faifai cikin ganga ka ga ya faɗa da kansa. Ka turo min lambobin da na'urarka ta ba ka mu duba tare.

Ka gaida uwargida da yara, mutanen gidana ma suna gaishe ku. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.

Naka amini.