Wasiƙa Zuwa Alƙahira: Labarin Farfesanmu na Fiziks

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Alƙahira? Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da ka samu ɗaki kusa da makaranta, ka huta da hawan mota safe da yamma. Ka tambaye ni darasin da ya fi ba ni wuya tun shigata jami'a. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka da kyau. Darasin shi ne fiziks na 'yan aji ɗaya, PHY 101, kuma duk wuyarsa babu lakcar da nake ɗokin zuwa kamar ta.

Ka tuna yadda aka koya mana fiziks a sakandare. Malam ya rubuta fomula a allo, a kwafa, a haddace, ranar jarrabawa a zuba lambobi a danna kalkuleta. Da haka yawancin 'yan ajinmu suka ci WAEC da JAMB, da wannan tsammanin kuma suka shigo. Sai muka tarar da wani dattijo mai furfura, kullum hannun kaftaninsa fari fat da alli, wanda bai rubuta fomula ko ɗaya ba a lakcarsa ta farko. Ɗakin ya cika maƙil, wasu kan matakala, wasu a bakin taga. Ya ɗaga wani littafi mai kauri a hannun dama, fallen takarda a hagu, ya ce wanne zai riga kaiwa ƙasa. Kowa ya ce littafi. Ya saki, littafin ya riga. Ya ce don me? Aka amsa masa baki ɗaya, don ya fi nauyi. Bai ce uffan ba. Ya ɗauki takardar nan ya shimfiɗa ta a saman littafin, ya sake saki. Wallahi tare suka sauka, takardar ko motsi ba ta yi ba. Ɗakin ya yi tsit. Sai ya ce nauyin takardar bai canza ba, to me ya canza? Wata yarinya daga can baya ta ɗaga murya ta ce littafin ne ya kare ta daga iska. Ranar na ga murmushinsa na farko.

Daga nan ne ya ba mu labarin Galileo, wanda ya riƙa gangaro da ƙwallaye a kan katako mai gangara yana auna lokaci, har ya wallafa abin da ya gano a 1638. Ya kuma ce mu nemi bidiyon David Scott na kumbon Apollo 15, wanda a 1971 ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka faɗi lokaci guda. Ka neme shi kai ma, gajere ne ƙwarai.

Haka yake koyarwa har yau. Zai jefo tambaya wadda ba ta buƙatar kalkuleta, kowa ya ɗaga hannu kan amsar da ya zaɓa, sannan ya ce ka juya ka shawo kan na kusa da kai. Ɗaki ya kaure da musu, sai ya buga tebur a sake ɗaga hannu. Ya gaya mana ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Eric Mazur na Jami'ar Harvard a Amurka ya yaɗa ta a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa suna warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayoyi masu sauƙi da ke neman fahimta. Tambayar da ta fi tayar da ƙura a ajinmu ita ce: idan tirela ta yi karo da a-daidaita-sahu, wanne ya fi bugun ɗan'uwansa da ƙarfi? Kusan kowa ya ce tirela. Amsar kuwa ƙarfin daidai yake a ɓangarorin biyu, kamar yadda doka ta uku ta Newton ta faɗa tun 1687. Abin da ya bambanta shi ne a-daidaita-sahun ba shi da jiki, don haka ƙarfin da tirela ba za ta ji ba shi zai yi jifa da shi. Duk mun haddace dokar nan tun sakandare, amma da aka sa ta a kan titi sai zuciya ta ƙi yarda. Har a layin abinci ana ta gardamar.

A makon ne kuma ya nuna mana cewa idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da zai ci kafin birki ya tsayar da shi ta ninku sau huɗu. Ya rubuta lissafin, ya ajiye alli, ya ce ya sha zuwa jana'izar da wannan layi ɗaya ya yi bayaninta. Tun ranar ba na iya yin shiru idan direban tasha ya taka mota fiye da kima.

Bari in ba ka labarin faratikal, don nan ne na san ko wane ne mutumin. An ba mu zare, da ɗan dunƙulen ƙarfe, da ma'aunin mita, aka ce mu auna saurin da ƙasa ke jan abu. Ka ɗaure ƙarfen, ka ja shi gefe kaɗan, ka saki, ka ƙirga lilo 20 da agogon waya. Idan zaren mita 1 ne, za ka samu wajen daƙiƙa 40. Sai ka rage tsawon zaren ka sake, ka yi ta ragewa, ka zana jadawali, daga gangarar layin ka fitar da amsa. Rukunin da ke kusa da mu sun samu 10.4, hankalinsu ya tashi, ɗaya daga cikinsu ya ce a gyara lambobin su ba da 9.81 kamar na littafi. Shugabar rukunin ta ƙi. Ta rubuta 10.4, ta ƙara da cewa sun auna zaren ne zuwa ƙasan ƙarfen maimakon tsakiyarsa, kuma fankar ɗakin tana kaɗa shi. Da Farfesa ya dawo da rahotanni, nata ya ɗaga ya karanta wa aji. Sannan ya ɗago wasu da suka kawo 9.81 cif, ya ce yana so ya san a wace ƙasa suka yi gwajin, domin a nan arewacin Najeriya, kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, abin da ake samu wajen 9.78 ne, sai an nausa can ƙuryar duniya ta arewa ko ta kudu yake kaiwa 9.83. Bai kira sunan kowa ba, bai ci mutuncin kowa ba. Ya ce wanda ya saba gyara lamba a aji ɗaya, shi ne gobe zai sa hannu a kan gadar da bai auna ba. Kai da kake karatun likita ka fi ni sanin abin da lambar ƙarya take jawowa.

Kada ka ɗauka kowa yana son sa. Akwai masu cewa ɓata lokaci yake yi, ya ba su fomula kawai su wuce. Wasu haushinsu shi ne ba ya sayar da handawut, ba ya kuma faɗin inda jarrabawa za ta fito. Waɗanda suka zo da sakamako mai kyau daga manyan makarantu sun fi kowa jin zafin gwajin farko, don makin da suka gani ba su taɓa ganin irinsa ba. Waɗannan koke-koken ban ɗauke su da nauyi ba. Amma akwai guda ɗaya da nake ganin gaskiya ne: yana amfani da kalkulas tun kafin malamin lissafi ya kai mu wurin, kuma Turancinsa da sauri. Yaron da ya fito daga makarantar ƙauye, wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, yana fama da abu uku a lokaci guda, ga harshe, ga lissafi, ga fiziks ɗin kansa. Akwai wani a ɗakinmu, mai kaifin kai ƙwarai, da na tarar yana hawaye bayan gwajin, yana tsoron kariyoba da abin da zai faɗa wa mahaifinsa. Allah ya saka wa 'yan manyan azuzuwa da suke tara mu a harabar masallaci bayan Isha'i suna maimaita darasin da Hausa. A can ne yaron ya fara amsa tambayoyin da suka gagari sauranmu. Mun kuma wakilta mutane sun kai wa Farfesa kukan, ya saurara, yanzu yakan ware safiyar Asabar don kalkulas kaɗai, ba tare da an biya shi ko sisi ba.

Akwai abin da ya sa na tuna ka a tsakiyar lakca. Ya ce wannan ɗabi'a ta gwada magana kafin a yarda da ita ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ya kawo Ibnul Haisam, haifaffen Basra, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a garin da kake zaune shekaru kusan 1000 da suka wuce, ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. An ce a kusa da masallacin Azhar ya zauna yana kwafar littattafai don ya ci abinci. Idan ka bi ta unguwar, ka ɗauko mini hoto.

Ka rubuto mini yadda ake koyar da ku fiziks a can, ko da Larabci ne ko da Turanci, ko kuma kuna taɓa kayan gwaji da hannunku. Jarrabawarmu ta ƙarato, ka sa mu a addu'a, musamman yaron nan na ɗakinmu. Na leƙa gidanku da na je hutun ƙarshen mako, Hajiya tana lafiya, ta ce ka riƙa kiran ta ranar Juma'a kuma kada ka yi wasa da cin abinci. Ka gaida 'yan'uwa ɗalibai da ke tare da kai.

Wassalam,
Naka amini